Neman Sa Hannun Dakta Bulus a Wagadugu

Lokacin da garin nan namu yake amsa sunan Abuja, in aka tura mutum karatu nesa, ba a tambayar ko zai dawo. Abin da ake tambaya shi ne yaushe. Haka muka je Ingila koyon aikin ruwa, muka dawo muka shimfiɗa bututu a garuruwan Arewa. Yanzu an ba sabon birni sunan, mun zama Suleja, gari ya cika da ma'aikatan da suke kwana a nan su wuni a can, masu ilmin da muke da su kuwa suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ba sallama ba rakiya. Bin sawun ɗaya daga cikinsu ne ya kai ni Wagadugu da tsufana.

Da na dawo, 'yan majalisarmu ta bakin kasuwa sun yi ta tambayata yadda tafiyar ta kasance. Nakan ce hanya lafiya, in kawo wata maganar. Sun san na zauna a Sudan, na yi aikin Hajji ta ƙasa, kuma ban taɓa rowar labari ba, saboda haka shirun ya dame su. Yanzu da abin ya yi sanyi a raina, ga shi a rubuce.

Nasiru ɗan ƙanena ne, marigayi Usman. Yana da mata, Maimuna, da jaririya, kuma yana digiri na biyu a aikin injiniya. Fanninsa shi ne lissafin motsin ruwa da iska da duk abin da yake kwarara. Ni injiniyan famfo da bututu ne, na san ruwa da hannuna. Su Nasiru kuwa rubuta ruwan suke yi, su bi kowane ɗigo da alƙalami. Aikin Nasiru a kan ƙafar gada yake: yadda ruwa yake ratsawa ta gefenta, da inda yake ƙwaƙule yashin da ta tsaya a kai.

Shekarun nan kowa ya san yadda jami'o'i suka kasance, a buɗe yau a rufe gobe. A ɗakin gwajinsu akwai doguwar magudana ta gilashi da ake sakin ruwa a ciki don a ga yadda yake gudu. Tun kafin Nasiru ya shiga famfonta ya mutu. Na taɓa leƙawa, na tarar ƙadangaru sun yi ƙwai a ciki. Malamin da yake duba aikinsa, Dakta Bulus, ya gaji da albashin da ba ya kai ƙarshen mako, ya kwashe iyalinsa ya koma wata makarantar injiniyoyi a Wagadugu. Nasiru ya ƙarasa aikin shi kaɗai a ɗakinsa. Sai aka ce masa in bai kawo shi da sa hannun malaminsa kafin ƙarshen zango ba, za a soke sunansa. A sashen nasu babu wanda ya rage da zai iya bin lissafin, balle ya sa hannu.

Mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, ita ta zo ta same ni. Ta ce, "Yaya, ai Bulus ɗin nan a ƙarƙashinka ya koyi aiki yana saurayi. In ka taka da ƙafarka har ƙofar gidansa, da wane ido zai dube ka ya ce a'a?"

Ban musa mata ba, don ni ma haka na ɗauka. A wurinmu in dattijo ya yi tattaki ya je gidan na ƙasa da shi, magana ta ƙare. Da wannan ake sasanta aure, da shi ake raba rigimar gona. Na ga ba abin da zai hana ya yi aiki a kan takarda.

Mun tashi cikin damina, shekarar da aka yi dogon layin mai. A tasha muka sami wata tsohuwar fijo, direban ya cusa mu kamar buhuna. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, Hajiya Kande, mai kai robobi da tasoshi Gaya ta tsallaken iyaka. Ta ga Nasiru ya rungume jakarsa a ƙirji, ya naɗe ta da leda saboda ruwa, ta ce, "Samari, zinari ne a ciki ko amarya?"

Ya ce, "Karatu ne, Hajiya."

Ta ce, "Allah sarki. To ka sassauta masa ya sha iska."

Mun wuce Izom lafiya, kogin Gurara ya cika ya yi ja. Bayan Lambata kaɗan mota ta fara tari, ta mutu. Man da direba ya saya wurin 'yan bumburutu rabinsa kananzir ne. Ya zura tiyo a tanki, ya zuƙa da baki, ya tofar, man ya kama zuba cikin galan shi kaɗai. Nasiru ya matso yana yi mini bayanin abin da yake sa ruwa ya hau tudu a cikin tiyo kafin ya gangara. Hajiya Kande ta ce, "Malam Lissafi, bar bayani, kama galan ɗin." Daga nan sunan ya bi shi har bakin iyaka.

Abin dariyar tafiyar ya ƙare ne bayan Kontagora. Lokacin ƙasa a tsorace take, kowane lungu da shinge. A wani shingen masu kaki suka ce kowa ya sauko ya buɗe kayansa. Ɗayansu ya warware ledar Nasiru, ya ci karo da zanen ƙafar gada, ga kibiyoyi sun kewaye ta ta ko'ina.

Ya ce, "Wace gada ce wannan?"

Nasiru ya ce, "Ba wata gada ba ce, ranka ya daɗe. Ta lissafi ce."

"A ina take?"

"Ba ta ko'ina."

Gara da ya yi ƙarya. Aka sa muka cire takalma muka zauna a ƙasa a gefen titi, yayyafi yana sauka a kanmu. Na yi magana da Hausa, na yi da Turanci, ba wanda ya dube ni. Hajiya Kande ce ta ƙi komawa mota. Ta ce, "Haba ɗana, dubi hannunsa mana. Wannan da ko galan bai iya riƙewa ba, shi ne zai fasa gada?" Sai da babbansu ya zo bayan la'asar, ya juya shafukan yana yamutsa fuska, ya zare babban zanen ya ninke ya sa a aljihu, sannan ya ce mu ɓace masa. Muka koma mota muka kama hanyar Yawuri.

Na ratsa iyakoki da yawa. Ɗan sandan Sudan sai ya ba ka shayi kafin ya ce takardarka ba ta cika ba. Na Ingila takardar yake kallo, kai bai ma san kana tsaye ba. Namu kai yake kallo, takardar tana hannunsa a juye. Da muka haye daga Kamba zuwa Gaya na ga wani salon. Jandarma, wato ɗan sandansu, zai sara maka tukuna, ya tattara katin kowa ya shige rumfa, sannan ya riƙa kiran suna ɗaya-ɗaya kamar a aji. Wanda bai ji sunansa ba, mota ta tafi ta bar shi. Nasiru bai ji nasa ba, don ba shi da katin rigakafi. Ni ina da nawa tun na Hajji. Da ɗan Faransancin da na tsinta na roƙa, aka yarda a yi masa allurar nan take a wata rumfar kwano. Kafin mu kai masauki hannun ya kumbura.

A Gaya muka sauka gidan wani mai masaukin fatake da Hajiya Kande ta sani. Aka kawo mana dambu da zogale, an zuba ƙuli da mai, ga yaji kamar na gaba. Da safe kuma burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai yanka dasashi. Hausarsu tamu ce, sai dai in sun zo kan abin boko su karkata Faransanci inda mu muke karkata Turanci. A tsakar gidan nan, da zazzaɓi a jikinsa, Nasiru ya ari faranti da zare ya sake zana abin da aka ƙwace masa, daga ka, bai duba komai ba. Na tsaya a kansa ina jin alfahari. Hajiya Kande ta yi mana sallama ta ce, "Malam Lissafi, in ka zama babban mutum ka gyara mana hanyar nan."

Yamai ba mu ga komai nata ba sai tasha da kogi. Mun isa da azahar muka tarar gari ya rufe, ofis da kanti duka, kowa ya tafi barcin rana. Mu a nan mutum ya rufe shago da azahar sai a ce ko an yi masa rasuwa. Daga can muka shiga wata bas mai ɗauke da tumaki a sama, fitsarinsu yana biyo taga. Aka sake kiran suna a wata iyakar, aka sake a Fadan Gurma.

Wagadugu gari ne na jar ƙasa da babura. Abin da ya fara ba ni mamaki mata ne a kan babur, da goyo a baya da tire a ka, ba mai waiwayarsu. Muka sauka a unguwar Zango, wurin jikokin fataken goro, masu wata tsohuwar Hausa da rabona da jin irinta tun kakata. Al'adarsu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ruwan gari, wato garin gero da aka dama da tsamiya, ya fi farau-farau kauri bai kai kunu ba.

Dakta Bulus da ya gan ni a ƙofar gidansa, har ƙasa ya durƙusa, da furfurarsa da komai. Ya ce, "Baba! Kai da kanka? Ai da aike ka yi, ni in zo." Matarsa, Madam Saratu, ta kai kaza gidan maƙwabcinsu Musulmi ya yanka don mu ci da natsuwa. Ta yi mana tuwon masara da miyar kuka irin ta gida. Suka yi ta tambayar Suleja, wa ya mutu, wa ya yi aure, ko har yanzu ana samun doyar Gwari mai arha. Na ga kewa a idonsu, na ce a raina aiki ya yi sauƙi.

Bayan an ci abinci na gyara zama na yi magana yadda ake yi. Na ambaci marigayi Usman, na ambaci Hajiya Rabi da jaririya, na faɗi wahalar hanya. Na ce, "Bulus, ban taɓa roƙonka komai ba. Ga yaronka, ga aikinsa."

Ya karɓi kundin da hannu biyu. Ya ce, "Baba, na ji. Gobe da safe mu je allo."

Nasiru ya gaya mini a hanya cewa haka yake aiki. Ba ya sa hannu a kan lissafin da bai ga mai shi ya fitar da shi a tsaye da alli ba, tun daga tushe.

Washegari muka shiga wani aji ba kowa. Na zauna a benci na baya. Nasiru ya ɗauki alli ya fara daga inda kowa yake farawa: ruwa ba ya ɓata, abin da ya shiga wuri shi zai fita, kuma gudunsa ba ya canjawa sai wani ƙarfi ya tura shi ko ya riƙe shi. Ya jera ƙarfafan nan a layi ɗaya, da nauyi, da matsi, da danƙo. Danƙo shi ne abin da yake sa zuma ta yi nawar zuba. Ruwa ma yana da nasa, ɗan kaɗan. Nasiru ya ja layi ya soke danƙon, ya ci gaba. Daga nan lissafin ya miƙe sumul. Ko ni da ban bi rabinsa ba na ga kyansa. Ya nuna ruwa yana rabuwa biyu a goshin ginshiƙin gadar, ya yi sauri a gefe da gefe, ya sake haɗuwa a baya lafiya lau. A goshin, in ji allo, ruwa tsayawa yake cik. Don haka a gefe yashi zai ƙwaƙule, a gefe ya kamata a zuba duwatsun kariya.

Bulus ya bar shi har ya kai ƙarshe. Sannan ya tashi ya ɗora yatsa a kan abin da aka soke. Ya ce, "Wannan fa, ina ka kai shi?"

"Ƙarami ne, Dakta. Littafi ma ya ce ana iya jefar da shi."

"A tsakiyar kogi ana iyawa. A jikin yashi fa? A jikin ginshiƙi fa?"

Nasiru ya ce, "Na san akwai ɗan siririn wuri da yake aiki. Na ɗauka bai kai ya canja amsar ba."

Bulus ya ce, "Ka taɓa ganinsa?"

"A hoto. Kwafin kwafi ne, ya yi baƙi."

Bulus ya ja mu zuwa ɗakin gwaji. Magudanarsu irin tamu ce sak, wataƙila ma kamfani ɗaya ya ƙera su, sai dai tasu da ruwa a ciki. Ya shimfiɗa yashi, ya kafa guntun bututu a tsakiya a matsayin ƙafar gada, ya kunna famfo. Ya ba Nasiru sirinji mai tawada ya ce ya saki a gaban bututun, kusa da ƙasa.

Tawadar ba ta bi hanyar da aka zana mata a allo ba. Da ta isa goshin bututun sai ta nutsa ƙasa, ta murɗe kamar ana dama fura, ta naɗe gindinsa ta wuce. A baya kuma ruwan bai haɗu ba, sai juyi yake saki, ɗaya dama ɗaya hagu. Muna tsaye yashi ya fara tashi. Ramin da ya fi zurfi a goshi ya fito, daidai inda Nasiru ya ce ruwa ba ya motsi.

Bulus ya yi bayani a hankali, ba faɗa. Ruwan da ya taɓa yashi danƙo yana riƙe shi, na samansa yana gudu. In suka bugi ginshiƙi, na sama ya fi ƙarfi, sai ya danno ƙasa ya riƙa haƙa kamar fartanya. Ya ce, "Lissafinka ba kuskure ko ɗaya a ciki, na bi shi layi-layi. Amma na wani ruwa ne da babu shi a duniya. In aka bi shawararka, za a zuba dutse a gefe a bar goshi tsirara."

Nasiru ya durƙusa ya manna fuskarsa da gilashin. Ya sake sakin tawada, ya sake. Ban san ko kuka yake ba, ban matsa na duba ba.

Na ja Bulus waje, ƙarƙashin wata bishiya. Na ce, "Ka sa hannu, ya gyara daga baya. Wa zai gina gada da takardar ɗalibi?"

Ya ce, "Da takardar za a ɗauke shi aiki, Baba. Wata rana shi za a tambaya."

Na ce, "Bulus, tattaki na yi."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na sani. Wallahi na sani, kuma ina jin nauyinka. Duk abin da yake nawa ne, ka faɗa in ba ka. Wannan ba nawa ba ne."

Na yi fushi irin wanda na daɗe ban yi ba. Abin da ya ƙara mini zafi shi ne na san gaskiyarsa. Na taɓa tsayawa a bakin kwalbatin da ruwa ya cinye ta ƙasa, na ga abin da aka ciro daga motar da ta faɗa. Duk da haka ban ci abincin gidansa ran nan ba, na koma Zango.

Gyaran ba na mako ba ne, ba na wata ba. Sai an sake aikin daga tushe, da awo a magudana, a gida kuwa babu magudanar. Bulus ya ce abu ɗaya yake iyawa: Nasiru ya zauna, ya kwana a ɗakin ajiyarsu, ya koyi Faransanci, ya yi masa hidimar ɗakin gwaji, ya fara sabon karatu a can. Ko kuma ya bi ni gida hannu wofi.

Ban ba Nasiru shawara ba, shi ma bai nema ba. Kullum da sassafe sai ya tafi wurin magudanar, ba ya dawowa sai yamma, yatsunsa duk tawada. Ranar da zan taho ya rako ni tasha, ba jaka a hannunsa. Ya ce, "Baffa, me za ka gaya wa Hajiya?"

Na ce, "Abin da ya faru."

Ya ce, "Ka ce mata ba daɗewa zan yi ba."

Na ce, "Wannan kai za ka faɗa mata da bakinka in ka zo."

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta. Dattijo shi kaɗai ba kaya, ko shinge ba ya sha'awarsa. Na iso Suleja da hantsi, na wuce gidan Usman kafin nawa. Hajiya Rabi tana tsakar gida tana tsince shinkafa, Maimuna tana shanya. Suka amsa sallamata, amma ba ni suke kallo ba, zaure suke kallo a bayana. Na zauna na faɗa musu komai, har da tawadar da yashin. Hajiya ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Yaya, ka durƙusa masa?" Na ce a'a. Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

An soke sunan Nasiru a ƙarshen zangon. A Wagadugu ya gama karatunsa, Bulus ya sa masa hannu, kuma na ji an ce aikin ya yi kyau. Maimuna ta bi shi da yarinyar. Hajiya Rabi ta rasu a damina ta biyu, saƙo bai same shi da wuri ba, ya iso bayan an yi sadakar bakwai. Yanzu yana aikin madatsun ruwa a ƙasashen Faransanci, yau nan gobe can. Yakan zo jefi-jefi, ya sauka a ɗakin baƙina, kuma ko jakarsa ba ya kwancewa duka. Gidan Usman an yanka shi ɗaki-ɗaki an ba ma'aikatan Abuja haya. Zuriyarsa ta tashi daga Suleja, kuma ba za ta dawo ba.